Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga Mambobin Ƙungiyar Masu Gyaran Esi da Firji, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu dattawan sana'a, da 'yan'uwa mambobi na Birnin Kebbi, Jega, Argungu, Yauri da Zuru, wannan shi ne bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi a shekarar 2024 da halin da kasuwarmu ta shiga. Lissafin kuɗin shiga da na fita yana hannun ma'aji, zai karanta shi daban.

Tsadar kayan aiki ce ta fi cin lokacin zamanmu na wata-wata. Kwamfiresa, bututun jan ƙarfe, kafasita da tukunyar gas duk daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 dala ta tashi daga abin da bai kai naira 500 ba a farashin gwamnati har ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Kayan kuma sai sun biyo mota daga Alaba a Legas ko daga Sabon Garin Kano kafin su iso mana, ga litar fetur da ta wuce naira 1,000 a watan Oktoba. Sau da yawa mamba yakan yanke wa mai gida farashi, kafin kayan su sauka farashin ya canza, sai ya cika daga aljihunsa don gudun a ce ya saɓa magana. Saboda haka kwamiti ya ba da shawarar a riƙa raba kuɗin kaya da kuɗin aiki a takarda, a kuma rubuta cewa farashin kaya na mako ɗaya ne kawai. Waɗanda suka bi wannan tsari sun shaida mana cewa rigimarsu da masu gida ta ragu.

Kasuwa ta buɗe sosai a farkon shekara, domin azumi ya faɗo daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu, daidai lokacin da zafi ke haura digiri 40, masu sayar da ƙanƙara da ruwan leda kuma ba sa iya haƙurin kwana ɗaya firiza na kwance. Buɗe iyakar Nijar a watan Maris shi ma ya dawo wa mambobinmu na yankin Kamba da wasu abokan cinikinsu. Sai dai a watan Afrilu aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa a rana, zuwa naira 225 a kan kowane yunit, otal-otal da asibitocin kuɗi suka rage kunna esi, wankin da suke kiranmu mu yi duk wata uku ya koma sai in na'ura ta tsaya. A watan Oktoba kuma aka yi doguwar ɗaukewar wuta a yawancin jihohin Arewa, shaguna suka zauna babu aiki. Aikin hitar ruwa na hunturu bai taɓa yawa a nan ba, bana ma haka. Abin da ke ƙaruwa shi ne esi mai inbata da firiza mai aiki da sola, kuma dole mu faɗi gaskiya cewa kaɗan ne daga cikinmu ke iya gyaran allon lantarkin da ke cikinsu.

Maganar takardu ita ce kwamiti yake so mambobi su fi saurara. A aikace duk wanda ya mallaki geji, wato ma'aunin ƙarfin gas, da kan walda yana iya buɗe shago a garin nan, babu mai tambayarsa shaida. Amma ranar da ma'aikata, banki ko babbar makaranta za ta ba da kwangilar saka esi, abin da ake fara nema shi ne rajistar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, lambar biyan haraji da takardar shaidar biyansa, a manyan ayyukan tarayya kuma har da takardun fansho da na asusun horar da ma'aikata na ITF. Nan ne ake barinmu a baya. Kamfani daga Kaduna ko Abuja ya karɓi aikin, ya zo ya ɗauki mambanmu a kan kuɗin yini, shi ya hau tsani, shi ya fasa bango, kuma idan na'ura ta samu matsala bayan wata shida shi za a nema domin shi ke gari. Mun yi zama na musamman a kan wannan, muka bayyana cewa rajistar sunan kasuwanci ba ta buƙatar lauya, kuma a dokar da ta yi aiki a 2024 kamfanin da cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba ba ya biyan harajin ribar kamfani. Da yawa tsoron haraji ne ya hana su yin rajista, alhali ba su kai inda harajin kamfani zai taɓa su ba. Mun kuma ƙarfafa wa ogogi gwiwa kada su yaye yaro sai ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake farawa daga mataki na uku a hau zuwa na ɗaya, ko kuma ta NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci, ga wanda ya yi makaranta.

Akwai wani dalilin da zai sa takarda ta zama dole ko muna so ko ba ma so, wato canjin gas. Dattawanmu sun tuna yadda gas ɗin R12 ya ɓace bayan 2010 a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don daina amfani da gas masu illa ga sararin samaniya. R22 da ke cikin yawancin tsofaffin esi na gidajen garin nan yana kan wannan hanya, domin an tsara kusan daina shigo da shi a 2030, kuma Najeriya ta amince da gyaran Kigali da aka yi wa wannan yarjejeniya a 2018, wanda zai rage R410A da R134a sannu a hankali. Waɗanda ke maye gurbinsu, R600a a firji da R290 da R32 a esi, suna kama wuta, na farkon biyu ma da saurin gaske. Wanda ya saba hura bututu da iskar walda, ko ya sa wuta a kan na'urar da bai zuƙe gas ɗinta ba, yana wasa da ransa ne da na yaran shagonsa.

A nan ne muka samu ƙorafi mafi muni na shekarar. Tsada ta sa gas na jabu ya cika kasuwa, tukunya da tambarin R134a amma abin da ke ciki gauraye ne, kwamfiresa ya yi wata biyu ya ƙone. An kuma kawo mana ƙarar wani da ya ɗura gas ɗin girki a firji don rage kuɗi. Kwamitin ladabtarwa ya zauna, ya sa shi ya gyara da kuɗinsa, kuma an gargaɗe shi a gaban dattawa. Ba mu ambaci sunansa ba saboda ya amsa laifinsa, amma duk wanda ya sake irin wannan za a karɓe katinsa na ƙungiya.

Akwai abin da muka yi alkawari bara ba mu cika ba. Injin bakyum mai zuƙe iska daga bututu da injin kwashe gas da muka ce za mu saya na haɗin gwiwa ba su samu ba, saboda kuɗin wata ba sa shigowa yadda ya kamata, farashin kuma ya gudu ya bar abin da muka tara. Sayen gas a dunƙule daga dila guda amintacce shi ma ya tsaya a magana, don ba a daidaita kan wanda zai riƙe kuɗin ba.

Kwamiti na neman amincewar wannan taro a kan ya buɗe asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum uku, a kuma ware wani kaso na kuɗin wata don injin bakyum kaɗai. Muna kuma roƙon kowane oga ya miƙa wa sakatare sunayen yaransa da suka shekara uku a shago kafin azumi ya kama, domin a haɗa su a kai su jarrabawar mataki na uku tare.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.