Zuwa ga Janar Buba Marwa, shugaban NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi: ina za mu kai waɗanda ƙwaya ta riga ta kama?

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni malamar firamare ce a Kano, kuma yayar wata baiwar Allah da ta shekara huɗu tana shan maganin tari mai kodin a ɗakin aurenta. A robar lemo take juye shi, ta girgiza, ta ajiye a gefen gado, mijin yana gani yana zaton lemo ne. Ranar da asiri ya tonu, kwalaben da muka kwaso a bayan durowa sun cika bokiti. Ita kuwa tana zaune ido a lumshe, jaririnta yana tsala ihu a cinyarta, ko motsi ba ta yi ba.

Ban manta 2018 ba. BBC ta fito da bincikenta kan kodin, ba a kwana biyu ba Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Mun yi murna ƙwarai. Sai dai hana kwalba bai kashe ƙishirwar ba. Da ta yi tsada, masu sha suka koma tiramol da roci da sholisho. Tiramol ɗin da doka ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100, amma mai 225 jami'anka suke kamawa kwantena-kwantena, akasari daga Indiya. Tun da ka karɓi NDLEA a 2021 muna ganin kame, muna ganin tulin kaya yana ci da wuta. Allah ya saka da alheri, da zuciya ɗaya na faɗa.

To amma, ranka ya daɗe, wanda ya riga ya kamu fa? Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2019 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a Najeriya, kuma a cikin kowane huɗu akwai mace ɗaya. Macen nan ita nake yi wa kuka. Namiji ko a bakin kwata ya faɗi za a ɗauke shi a nema masa magani. Mace kuwa rufe ta ake yi a ɗaki, don kada dangin miji su ji, don kada a ƙi auren ƙannenta. Mun yi yawon neman inda za a kwantar da tamu. Wani wuri maza ne zalla, wani kuɗinsa na wata ya ninka albashina uku. Har wata gwaggonmu ta kawo shawarar gidan mari, alhali duk mun ga hotunan gidan marin Rigasa ta Kaduna a 2019, inda 'yan sanda suka fito da sama da mutum 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ce ta kai su ba, rashin wata ƙofa ce.

Roƙona shi ne ka zauna da gwamnonin Arewa kan wurin jinya na mata kaɗai a kowace jiha, mata ke kula da shi, da likitan ƙwaƙwalwa, da kuɗin da talaka zai iya biya. A sanar a rediyo da Hausa cewa wadda ta kawo kanta ba za a kulle ta ba, ba kuma za a ɗauki hotonta ba.

Ƙanwata tana gidanmu yanzu, mijinta ya sake ta. Wata bakwai ke nan ba ta sha ba. Ni nake kwana da ita, makullin ƙofa a ƙarƙashin matashina.

Wassalam,
Wata malama daga Kano