Dariyar da aka yi wa wasan Gukesh da Ding ta ɓata mini rai

Malam Edita, assalamu alaikum.

Har yanzu raina a ɓace yake kan dariyar da mai gabatar da shirinku na wasanni ya yi a daren Laraba game da wasan ches (darar Turawa) na gasar kambin duniya tsakanin Gukesh da Ding. Wai mutum biyu sun zauna sama da awa biyar a Singafo sun tashi canjaras, gara a ce barci suka yi. Haba Malam! Ya kalli wasan kuwa?

Ni na kalla a waya ranar Talata, 3 ga Disamba, 2024, tun ƙarfe goma na safe agogonmu har gab da La'asar, sau biyu ina sayen data. Gukesh, yaron Indiya ɗan shekara 18, ya matse Ding Liren na Sin, mai riƙe da kambin duniya a lokacin, har ya fi shi soja ɗaya (mafi ƙanƙanta cikin 'ya'yan ches), ga agogo yana cin Ding. Na riga na yi masa jana'iza a raina. Sai mutumin nan ya dafe kai da hannu biyu, ya yi ta toshe kafa ɗaya bayan ɗaya har motsi na 72. Wasa na bakwai ke nan cikin 14, kowa ya tashi da maki uku da rabi. A wasan ches canjaras rabin maki ne, kuma wannan rabin da gumi Ding ya ƙwace shi.

Yara tara nake koya wa ches a zaurenmu duk Asabar, da allo biyu kacal, ɗaya ma murfin kwalba ne a madadin dokin da ya ɓata. Akwai yarinya 'yar shekara 11 da ta yi wata biyu yayanta yana lallasa ta. Ranar da ta riƙe shi suka yi kunnen doki, da gudu ta shiga gida tana kiran mamarta. Mahaifinta yana sauraronku. Washegarin shirin ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce ashe abin da nake tara musu yara a kai ke nan, wasan da ko a rediyo dariya ake masa. Me zan ce masa? Ku gyara wannan magana a shiri na gaba, don Allah.

Sannan wannan kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin labarai ya yi ƙarfi. Mahaifina ba ya ji sosai, sai ya manna rediyo a kunne, duk da haka rabin maganar ke wuce shi. A rage shi.

Naku mai sauraro,
daga Tudun Wada, Zariya