Zuwa ga telan da ya tambaye ni a taron iyaye: "Ina lokacin yake?"

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar Lahadin da ta wuce, a taron iyayen yara na Islamiyyarmu ta Tudun Wada, bayan na gama 'yar nasihar da aka ɗora mini kan motsa jiki da neman ilmi, ka miƙe daga sahun baya ka ce: "Baba Malam, mutumin da ya fita tun asuba neman abin sawa a tukunya, bai dawo ba sai bayan isha'i, ina ya ga lokacin atisaye da karatu? Wannan ba harkar masu farin kambas na Murtala Square ba ce?" Kowa ya yi dariya, har ni. Ban kai ga buɗe baki ba aka kira la'asar, taro ya watse. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a bainar jama'a zan amsa.

Ka faɗi gaskiya ta wani gefen. Duk wanda ya leƙa wannan dandalin wasanni na Kaduna ranar Asabar da safe ya ga irin motocin da ake jerawa, zai ce abin na masu hali ne. Mai lissafin kuɗin mudun masara ba zai biya kuɗin gidan motsa jiki ba, ni ma ban ce ka biya ba.

Amma mu ɗan yi lissafi. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, irin tafiya da saurin da zai ɗaga maka numfashi amma kana iya magana. Yara daga shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 kullum. Ka ce daga Rigasa kake zuwa shagonka a Kasuwar Bacci. In ka riƙa sauka daga abin hawa saura tafiyar minti 15, ka ƙarasa a ƙasa, da yamma ma haka, kwana biyar kawai ka cika 150 ɗin, ga kuma ɗan canjin da ya rage a aljihu. Lokacin yana nan cikin yinin da kake da shi.

Abin da ke hana mu, a ganina, kunya ce.

Bayan na ajiye alli, likita ya ce jinina ya hau, in riƙa takawa. Makon farko da na fara, sau uku masu babur suna tsayawa: "Malam, lafiya? Mota ce ta lalace? Hau in kai ka." Wani maƙwabci har ya aiko a tambayi iyalina a asirce ko sayar da motar na yi. Wallahi sai da na daina wata biyu cur. A wurinmu tafiya a ƙasa alamar babu ce, tumbi kuma alamar an samu wuri. Sai da na koma asibiti na ga awon jinin bai sauka ba, sannan na ce gara a ce na talauce da a ce na shanye.

Kai kuma sana'arka ta fi tawa haɗari. Telan zamanin da yana taka keken ƙafa yini guda, ko ba komai ƙwaurinsa na aiki. Yanzu in akwai wuta, ɗan matsi kawai kake yi da tafin ƙafa. Na ga yadda kuke lokacin ɗinkin sallah: a sunkuye daga hantsi har tsakar dare, shayi mai sukari cokali huɗu a gefe, in an miƙe sai an dafa ƙugu. Duk awa ɗaya ka tashi, ka yi guga ko yanka a tsaye, ka miƙe kafaɗu. In lokacin salla ya yi, ka tafi masallacin da ya ɗan fi nisa. Yaran shago za su yi maka dariya kwana biyu, daga nan su saba.

Kunyar nan ita ce dai ke cin karatu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya haura arba'in lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta kawo Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. Ya zauna a gindin bishiya da furfura a gemu yana a, ba, ca, abokansa na yi masa ba'a wai ya koma ɗan firamare. Bayan shekara biyu, su ɗin ne ke taruwa a zaurensa ya karanta musu Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, kuma shi ke rubuta musu wasiƙa zuwa ga 'ya'yansu da ke Ikko.

Ni da na yi shekara 35 ina koyarwa, jikata 'yar shekara 11 ce ta koya mini waya. Ta riƙe mini yatsa tana cewa, "Kai Kaka, ba nan ba! Danna ka riƙe, sannan ka yi magana." Na aika wa mutane saƙon murya babu komai a ciki sai tarina ya fi a ƙirga. Haka kuma na koma gaban wani malami da na haifi kamarsa don gyaran tajwidi, ya nuna mini na shekara sittin ina fitar da harafin lādi daga inda ba mafitarsa ba. Ranar na ji nauyi ƙwarai, amma washegari na koma.

Ba cewa nake ka rufe shago ka tafi jami'a ba, ko da yake Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana da cibiya a nan Kaduna ga mai so, ga kuma ɗakin karatu na jiha a titin Bida. Fara da littafin awonka. Ka taɓa zama ka cire kuɗin zare, da man janareto, da hayar shago, ka ga nawa ke saura a kowace riga? In lissafin na ba ka wuya, 'yarka da ke aji biyar ta iya. Minti goma tsakanin magariba da isha'i, ita da littafinta, kai da naka. Yaron da ya ga ubansa riƙe da biro ba sai an kore shi zuwa karatu da bulala ba.

Kada kuma ka bar uwargida a baya. Injin niƙa ya karɓe daka, mai ruwa ya karɓe ɗiba, ta zauna. Igiyar tsalle a tsakar gida ba ta da tsada, kuma ita da yara za su yi. In akwai ajin matan aure a unguwa, ka bar ta ta tafi, a ƙasa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, jajojinta, wato matan da ta horar don su koyar, a ƙafa suke bin ƙauyuka suna kai wa mata karatu. Yara kuwa, tunda an yanka filayen unguwa an yi shaguna, ka bar su su yi langa da 'yar gala-gala a ƙofar gida ko da za su dawo da ƙura, ya fi a miƙa musu waya don su yi shiru.

Asabar mai zuwa ina ƙofar masallacin Islamiyya da zarar gari ya yi haske. Ba na fita da duhu, saboda masu ƙwacen waya. Mu huɗu ne yanzu, duk tsofaffi, babu mai farin kambas a cikinmu. Ka zo da babban ɗanka, ka kuma riƙo tef ɗin awo, don riguna biyu sun yi mini yawa, ina so a rage.

Naka,
Baba Malam, Tudun Wada, Kaduna