Faɗuwar gaba ta hana ni sakat, yanzu kuma an ce in je gida

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, ya iyali ya ƙoƙari. Allah ya saka miki da alheri bisa yadda kike sauraron matsalolin mata a wannan shiri. Don Allah ki yi haƙuri da rubutuna, a waya nake bugawa kuma hannuna rawa yake, ban ma san ta inda zan fara ba. Ki taimaka kar ki faɗi sunana.

Yanzu haka ina gidanmu a ɗakin mahaifiyata, ni da ƙaramin ɗana mai shan nono, manyan guda biyu suna can wajen Hajiyarsu ta hana ni su. Ranar Juma'ar da ta wuce maigidana ya ce min "je ki gida sai na neme ki", a gaban uwarsa da ƙanwarsa ya faɗa, ko kallona bai yi ba, mutumin da muka haura shekara goma tare ban taɓa yin yaji ba ko na wuni ɗaya. Kuma wallahi Anti ba wani abu na yi ba illa damuwa da shi da 'ya'yansa, laifina kenan a gidan nan.

Bari in koma baya don ki gane. Maigidana direba ne, Sharon yake ja Kaduna zuwa Abuja, motar ba tasa ba ce ta wani Alhaji ce, balas yake kaiwa duk sati. Mu a Rigasa muke zaune, tashar jirgin ƙasa ba ta da nisa da mu. Ni da ba haka nake ba, ki tambayi duk wanda ya san ni, ina da fara'a ina zuwa biki ina yin zoɓo da kunun aya ana kai min makaranta, ina shiga adashe, bacci nake har sai an tashe ni sallar asuba. Abin ya faro ne daren da aka tare jirgin nan, Litinin 28 ga Maris 2022, saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi. Ranar yana kan hanya zai dawo daga Abuja. Sai muka ji unguwa ta rikice ana cewa jirgi bai iso ba an dasa masa bam a wajen Katari, mutane na ta gudu zuwa tasha neman 'yan uwansu, ni kuma na kira wayarsa ba ta shiga, na sake kira ba ta shiga, kuma kin san ta Katari ɗin hanyar mota ma take bi. Haka na kwana a tsaye a tsakar gida da waya a hannu. Da safe sai ga shi ya shigo lafiya lau wai motar ce ta lalace masa a Jere kuma cajinsa ya ƙare, har yana dariya yana cewa ke dai kin cika tsoro. Shi a wajensa magana ta wuce. Ni tun daga wannan daren wani abu ya shiga ƙirjina bai fita ba har yau.

Yadda yake min shi ne, ina zaune lafiya ina tsintar shinkafa sai kawai gabana ya yanke ya faɗi, zuciyata ta kama bugawa kamar ana daka a turmi, gumi ya keto min ko da sanyi ake, numfashina ya koma sama-sama, cikina ya murɗa sai na shiga bayi. A lokacin ji nake mutuwa zan yi ko kuma yanzu za a bugo a ce min ya mutu. In waya ta yi ƙara da lambar da ban sani ba ba na iya ɗauka, sai in miƙa wa babbar 'yata in toshe kunne. Da dare kuwa sai in farka tsakar dare idona biyu har kiran assalatu, ina lissafi, in an ɗauke shi ina za mu samo kuɗin fansa, wa zai ba mu, me za mu sayar, har gidan da zan koma da yara na gama tsarawa a raina, har takabar nake gani. Na san ba kyau, ina yin a'uzubillahi amma tunanin dawowa yake.

Shi babban abin da yake kuka da shi wai ina yawan kiransa yana tuƙi. To Anti ki yi min adalci. Na ce masa ba sai ka yi magana ba, in ka wuce Rijana ka yi min flashin kawai, in ka wuce Katari ka ƙara yi min, in ka shiga Zuba shikenan na kwanta. Wannan wani abu ne mai wuya? Katin ma ni nake sa masa da kuɗin zoɓona, ba na taɓa kuɗin cefane. Akwai wuraren da ba sabis a hanyar, na san su duk, na san tsawon lokacin da ya kamata ya ɗauka kafin ya fita daga cikinsu, to in lokaci ya wuce ban ji shi ba dole in kira, kuma hanyar nan shekara da shekaru ana aikinta ga gosulo ga ramuka ga manyan motoci, ko ba 'yan bindiga ai akwai hatsari. Sai ya ce ina kunyata shi a gaban fasinja, wai abokansa a tasha suna masa tsiya suna cewa ga uwar ɗakinka tana nema. Ƙanwarsa kuma, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida ba ta da aiki sai sa ido a kan nawa, ita ce ta fara cewa kishi ne, wai bin diddiginsa nake don kar ya yi budurwa a Abuja. Wallahi tallahi in zai dawo min da rai ya auri uku rana ɗaya.

Daga baya kuma abin ya wuce kansa ya bazu ko'ina. Da aka cire tallafin mai a 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, abin da yake kawowa ya ragu, ya zama mai saurin fushi, ni kuma na koma lissafin kuɗin haya tun saura wata da watanni. In yaro ya yi tari sai in ga kamar ba zai kwana ba. Tukunyar gas sai in tashi in duba ta in dawo in kwanta in sake tashi. Sai kuma aka kwashe 'yan makarantar Kuriga a watan Maris na 2024, yara fiye da ɗari a nan Chikun kusa da mu, na ga bidiyon iyayensu a Facebook, daga nan na kasa barin nawa su tafi makaranta na ɗan wani lokaci. Wace uwa ce za ta ga wannan hankalinta ya kwanta? Amma Hajiyarsu ta zo har gida ta ce ina kashe wa jikokinta karatu, kuma wai mugun bakina ne zai jawo wa ɗanta masifa tunda kullum mutuwarsa nake kira. Wannan maganar har yau tana cina. Dama can ba ta so aurenmu ba, 'yar ƙanwarta ta so ya aura, kowa a dangin ya san da wannan.

Kar ki ce ban nemi magani ba. Na je kemis an ce maleriya ce da taifot, na sha allurai, an ce olsa ce na daina cin yaji da tsami, an gwada hawan jini an ce lafiya lau. Hajiyar ta kawo wani malami ya yi min ruƙiyya ya ce shafar aljanu ce, aka yi ta min hayaƙi da habbatus sauda ina shan rubutu, ban ƙi ba don kar a ce na raina. Azkar na safe da yamma ba na fashi, Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan kullum tana bakina, ina tashi nafila. Amma abin da ya fi min ciwo shi ne kowa sai ya ce rashin tawakkali ne, ki riƙe Allah, kamar ban riƙe shi ba. Har mahaifiyata ma haka take cewa, wai su a zamaninsu mazansu Ikko suke tafiya wata da watanni ba waya ba wasiƙa kuma ba su mutu ba. In na yi addu'a ina samun sauƙi a raina, amma jikin nawa bai daina rawa ba, to ya zan yi da jikin?

Mutum ɗaya ce ta taɓa saurarona, wata nas a wajen rigakafin yara, ta ga ina hawaye a layi ta ja ni gefe. Ita ta ce min wannan ciwo ne sananne kamar sauran cututtuka, ciwon fargaba da damuwa, mutane da yawa suna da shi musamman bayan sun shiga wani tashin hankali, kuma bugun zuciyar da gumin duk jiki ne yake ɗaukan cewa akwai haɗari alhali babu. Ta ce in je asibitin Barnawa in ga likitan ƙwaƙwalwa, ta ce ba sai wanda ya tuɓe yana bin bola ake kaiwa can ba, wasu ma zama kawai ake yi da su ana tattaunawa ana koya musu yadda za su bi da tunanin, wasu a haɗa musu da magani. Ta koya min in riƙa jan numfashi a hankali ina sakinsa a hankali in abin ya taso, kuma in rage kallon bidiyoyin kashe-kashe da ake turowa a guruf ɗin WhatsApp. Ranar na dawo gida da murna na gaya wa maigidana, na ce ashe abin nan yana da suna yana da magani. Kafin magariba uwarsa ta ji. Kin san a Kaduna in aka ce a kai wane Barnawa me ake nufi. Tun daga nan ƙanwar in na wuce sai ta ce a ba 'yar Barnawa hanya, shi kuma ya ce matarsa ba za ta je asibitin mahaukata ba ya zama abin nuni a tasha.

To da ya hana ni sai wani mai kemis ya ba ni wata 'yar ƙaramar ƙwaya ya ce in sha rabi in bacci ya gagara, kuma gaskiya tana kwantar min da abin. Ranar Alhamis ya fita tun asuba, har azahar ba flashin ba komai, na kira yana katsewa, ƙirjina kamar zai fashe, ga shi daren ban runtsa ba, shi ne na sha don in samu kaina. Bacci ya ɗauke ni. Ƙaramin ɗana ya fita ta ƙofar gida, ƙofar da na sha gaya masa sakatarta ta lalace ya kira kafinta bai kira ba, wata maƙwabciya ta gan shi a bakin layi, maimakon ta shigo ta tashe ni sai ta kwashe shi ta kai wa Hajiya don neman suna. Ba abin da ya samu yaron ko ƙwarzane. Hajiya ta zo ta zazzage min jaka a tsakar gida ta ɗaga ƙwayar sama tana nuna wa matan gidan haya tana cewa ga shi nan ashe 'yar ƙwaya ɗanta ya ajiye. Ni Anti, da ko goro ba na ci. Na mayar mata da magana, kuma abin da na faɗa ban ga ƙarya a cikinsa ba, amma shi kaɗai aka kai masa, ba wanda ya gaya masa abin da ita ta fara yi min. Washegari ya yanke hukuncinsa.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne Anti shi ya sa na kawo miki kukana. Wannan kalma ta je ki gida sai na neme ki, saki ne ko ba saki ba? Babanmu ya ce ya danganta da niyyarsa, a bari ya huce tukuna kafin a je wajen liman, amma ni zaman jiran nan kashe ni yake. Sannan yanzu da nake gida zan iya zuwa Barnawa ba da izininsa ba? Yayata ta ce za ta raka ni ta biya kuɗin kati, amma tsorona kar gobe in magana ta kai kotu su ɗauko katin su ce ga shaida ba ta da hankali a ƙwace min yara gaba ɗaya, don na san Hajiya za ta iya. Ƙwayar ma tun da suka ƙwace ta ban yi baccin kirki ba, abin ya ma fi da tsanani, ban sani ba ko in sake saya ko tana wuce wa yaro ta nono, in akwai likita a masu sauraro don Allah ya yi min bayani.

Kuma babbar 'yata tana da asma, Hajiya turaren wuta take sawa a ɗaki ta rufe taga, abin shaƙarta yana cikin durowata ba wanda ya san inda yake, na aika a faɗa musu ban san ko saƙon ya isa ba.

Amma abin da ya fi damuna a yanzu, ya yi blokin ɗin lambata, na gwada da wayar mahaifiyata da ya ji muryata ya kashe. Na ji an ce yau ya yi lodi tun safe. Don Allah Anti in kin karanta wannan ki roƙe shi a iska, yana kunna rediyo a mota, ki ce ko ba zai mayar da ni yanzu ba ya buɗe layin, ba zan kira ba, ya dai riƙa yi min flashin ɗin in ya sauka.