Kogi ban je ba, Yobe na je

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗaki da yara. Yaya ruwan Fatakwal?

Saƙonka ya iso, na ga ka ce jihohi 29 ka taka cikin 36. Ni ma na ɗauki biro zan ƙirga nawa, sai na tsaya cak a kan Kogi. Na bi ta Lokoja ya fi sau goma a hanyar Abuja zuwa kudu. Direba ya tsaya, mu sauka mu yi alwala, mu haɗa azahar da la'asar, mu sayi soyayyen kifi a leda, ya danna hon mu koma mazauninmu. Mahaɗar Neja da Binuwai tana nan kusa, ban taɓa zuwa bakinta ba. Dutsen Patti ta taga kawai nake hango shi. Ko mutum ɗaya ban sani ba a garin. Sai na soke ta.

Yobe kuwa dare ɗaya na yi, amma na rubuta ta ba tare da shakka ba. Bara, muna hanyar Maiduguri, motarmu ta mutu a Potiskum bayan magariba. Wani mai shayi, ɗan Ngizim, ya ga na rasa inda zan nufa, ya shimfiɗa mini tabarma bayan teburinsa, ya zuba mini shayi mai kauri, ya ƙi karɓar ko sisi. Muka yi hira har dare ya raba. Da asuba shi ya tashe ni, muka bi jam'i a masallacin unguwarsu. Gari na wayewa ya raka ni kara, na ga yadda ake lodin shanu a tireloli za a yi kudu da su, dillalai na ta ciniki cikin ƙura. Har yau ina kiransa mu gaisa.

Kada ka ce kwana ne ma'aunina. Na yi dare uku a otal a Kalaba wajen wani taro, daga ɗaki sai zauren taro, ita ma ban saka ta ba. Abin da nake tambayar kaina shi ne: akwai wanda zai tuna na zo?

Da wannan ƙirgar, nawa 11 ne. Don Allah ka sake duba naka, ka rubuto mini labarin kowacce. Idan ka zo hutun sallah, ina so mu je Lokoja mu kwana biyu, mu shiga kwalekwale har mahaɗar.

Ka gaishe mini da mutanen gida.

Naka,
Amininka na Kano