Takardar Koke ga Mai Martaba Sarki: A Ware Kuɗin Jinyar Masu Shan Ƙwaya a Karkara

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,
ta hannun Mai Girma Hakimi.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nasara.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka mazauna ƙauyuka da rugage, iyaye maza da mata, manoma, malaman makaranta da ma'aikatan ɗakunan shan magani, mun kawo kukanmu kan abin da ke cinye mana 'ya'ya, wato tiramol da kodin da danginsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun daɗe muna rufa wa juna asiri, har rufin asirin ya fara kai mu maƙabarta.

Ranka ya daɗe, da yawa daga cikin yaran nan ba neman maye ya kai su ba. Matashi ne ya wuni yana huɗa, ko yana sarar itace, ko yana ɗaukar kaya, dare ya yi ƙugu da gwiwa sun ƙi. Wani ya miƙo masa ƙwaya, ya sha, ya ji garau, kashegari ya yi aikin mutum biyu. Bayan 'yan watanni ɗaya ba ta isarsa. Likita kan rubuta tiramol mai miligiram 50 ko 100, amma wadda ke yawo a hannun yaranmu har da mai 225. Ranar da ya ce ya bari, sai jiki ya ce bai san zancen ba: gumi, amai, zawo, ciwon gaɓoɓi, hawaye da majina, ga barci ya ƙaurace. Uwar da ta taɓa kwana a kan ɗanta a wannan hali ba ta bukatar a gaya mata cewa ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a jerin cututtuka ta sa shi.

To, ina za mu kai shi? A nan kukanmu yake. Asibitin da ke duba irin wannan yana birni. Kafin uba ya haɗa kuɗin mota da na kwana da na magani, ya sayar da abin da zai ciyar da gida, kuma jinyar ba ta zuwa ɗaya ba ce. Saboda haka muke yin abin da muka iya: wani ya kulle ɗansa a ɗaki, wani ya sa masa mari, wani ya roƙi a kama shi a tsare ko zai shiryu. Ba ƙiyayya ce ta sa ba, rasa tudun dafawa ne. Abin da ba mu sani ba sai da ma'aikatan lafiyarmu suka fahimtar da mu shi ne, wanda aka tsare ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya daina jure abin da ya saba. In ya fito ya koma wa adadinsa na da, a nan ne ya fi kusa da mutuwa. Ashe da hannunmu muke tura su bakin rami, muna zaton ceto ne.

Kuma maganin nan akwai shi, ranka ya daɗe, ba tatsuniya ba ce. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa metadon da bufurenofin cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba. Suna kwantar da ƙishirwar ƙwaya, mutum ya koma gonarsa da iyalinsa da hankalinsa. Za a ce ai an canja ƙwaya da ƙwaya ne. Mu ma mun faɗi haka da farko. Amma akwai bambanci tsakanin abin da ma'aikacin lafiya ya auna ya bayar a kan idonsa, da abin da aka saya a lungu ba a san me ke ciki ba. Faransa ta yarda likitoci na gama-gari su riƙa rubuta bufurenofin a tsakiyar shekarun 1990, kuma cikin 'yan shekaru mace-macen da yawan sha ke jawowa suka ragu da fiye da rabi. Tanzaniya ta buɗe wurin bayar da metadon a asibitin Muhimbili da ke Darussalam a 2011, ba don ta fi kowa arziki ba. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a faɗin duniya waɗanda ke samun wannan jinya ba su kai ɗaya cikin goma na masu bukatarta ba. In haka abin yake a dunƙule, Sarki ya fi mu sanin rabon ɗan ƙauye.

Akwai kuma nalokson, wanda ke farfaɗo da wanda numfashinsa ya fara ɗaukewa saboda yawan sha. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: ya ƙi farkawa, numfashi ya yi ƙasa, ƙwayar ido ta tsuke kamar bakin allura. Mintoci kaɗan ne tsakanin rai da ajali, mu kuwa tafiyar awoyi ce tsakaninmu da babban asibiti. A 2014 hukumar ta ba da shawarar a ajiye shi a hannun waɗanda za su iya tarar da irin wannan, har da dangi. Mu ko a ɗakin shan magani ba mu da shi.

Don haka muke roƙon Mai Martaba ya sa baki wajen shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli da 'yan majalisarmu, a ware wa wannan jinya nata kason da sunanta a kasafin kuɗin shekara mai zuwa. Mun nanata da sunanta, domin kuɗin da aka cusa cikin wani babi ba ya isowa ƙauye. Da shi a horar da aƙalla ma'aikaci guda a kowane ƙaramin asibiti, a ajiye nalokson, a sa likita ya riƙa zagayowa a rana sananniya, a ɗauki nauyin kai wanda ciwonsa ya yi tsanani birni. A kuma tuna da mata. Suna cikin wannan bala'i, sai dai kunya da tsoron mutuwar aure sun sa ba za su taɓa tsayawa layi a bainar jama'a ba. Sai an sa musu mace 'yar'uwarsu, a wuri mai sirri.

Ta fannin rigakafi, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muddin mai ciwon baya ba shi da wanda zai duba shi sai mai tallar magani, ƙwaya ba za ta rasa mai saye ba. A kula da ciwon jikin ma'aikatan ƙarfi, a faɗakar a makarantu da wuraren ibada da harshen da yaro zai gane. Masu safarar ƙwaya kuwa, hukuma ta yi aikinta a kansu, ba mu nema musu sassauci ba.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. Mun yarda mu ba da ɗakin da za a riƙa ganin marasa lafiya, mu fitar da masu sa kai daga cikinmu, mu kuma riƙa bin sawun kuɗin don Sarki ya san inda suka shiga. Muna roƙon a sa mana rana kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa, wakilanmu su zo fada tare da ma'aikatan lafiya da iyayen da suka binne 'ya'yansu, Sarki ya ji daga bakinsu.

Allah ya taimaki Sarki, ya ja kwana.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Iyaye, manoma, malamai da ma'aikatan lafiya na ƙauyukan karkara.