Farashin kwangila ba sirrin kamfani ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili a shafinka in yi ƙorafi kan wata magana da ma'aikatun gwamnati suka mayar garkuwa, wato "sirrin kasuwanci".

Kwanakin baya na rubuta wa wata ma'aikata ina neman kwafin yarjejeniyar kwangilar sayen na'urorin asibiti. Bayan kai-da-kawo da "ka dawo gobe", aka miƙo mini takardun. Sunan kamfani yana nan, ga ranar sa hannu, ga hatimi. Amma duk inda aka zo kan kuɗi, an bi da baƙar tawada an shafe: farashin kowace na'ura, wa'adin kawowa, har da tarar da za a ci kamfanin idan ya makara. Sai da na ɗaga shafi ɗaya a jikin taga ko zan hango lamba ta bayan tawadar. Ko alama. A ƙasa an rubuta layi guda, wai bayanan sirrin kasuwanci ne.

Ban ce kamfani ba shi da abin ɓoyewa ba. Yadda yake harhaɗa na'urarsa, inda yake saro kayansa da rahusa, dabarar da ya kashe dukiya kafin ya gano, duk nasa ne. Idan gwamnati ta riƙa fallasa irin waɗannan, kamfanonin kirki za su guji neman kwangila, a bar mu da 'yan ci-da-ceto. Shi ya sa dokokin neman bayanai suka bar wannan ƙofa. Dokar Amurka ta 1966 ta keɓe sirrin sana'a da bayanan kuɗi, ta Birtaniya ta 2000 ta yi haka a sashe na 43, ta Najeriya ta 2011 kuma a sashe na 15.

To amma nawa aka biya? Wannan kuɗin daga baitulmali ya fito, kuma mai baitulmali shi ne mai tambayar. Tun yaushe ɗan aike yake ɓoye wa wanda ya aike shi nawa ya sayo kaya?

Abin da ya fi damuna shi ne ƙofar tana ƙara faɗi. A Amurka, tun 1974 kotuna sukan nemi a nuna cewa sakin bayanin zai yi wa kamfani babbar illa a gasar kasuwa kafin a amince a ɓoye. A 2019, a shari'ar da ta taso daga buƙatar jaridar Argus Leader, wadda ta nemi sanin nawa kowane kanti ke karɓa daga shirin tallafin abinci na gwamnati, Kotun Ƙoli ta soke wannan sharaɗi. Yanzu idan kamfani ya saba riƙe bayanin a asirce, kuma ya miƙa wa gwamnati bisa alkawarin ba za a fitar ba, magana ta ƙare. Ka ga kusan an bar wa kura ajiyar nama, domin wanda ake bincika shi ne zai fara cewa abu kaza sirri ne.

A Turai kuwa abin ya ɗan juya. Lokacin korona, Hukumar Tarayyar Turai ta saki yarjejeniyoyin sayen rigakafi cike da shafe-shafe. Wasu 'yan majalisar Turai suka garzaya kotu, kuma a Yulin 2024 kotun ta ce hukumar ba ta ba da isasshiyar hujjar ɓoye wasu sassa ba, musamman na wanda zai ɗauki nauyin diyya idan rigakafin ya cutar da wani. Sai dai shekaru aka kwashe kafin a kai nan, an riga an biya kuɗi an yi allurai.

Hujjar da ake yawan kawowa ita ce abokan gasa za su ga farashi su karya shi a kwangila ta gaba. To sai me? Ai abin da ake so ke nan a gasar neman kwangila. Ukraine ta buɗe tsarin ProZorro a 2016, inda kowa ke iya shiga intanet ya ga wanda ya ci kwangila da nawa, kuma kamfanoni ba su daina nema ba.

Roƙona ga ma'aikatu shi ne, duk layin da aka shafe a rubuta dalilinsa a gefe, a saki sauran. Dokar Najeriya ma ta tanadi sakin sauran a sashe na 18. Tun ranar tallar kwangila kuma a sanar da masu nema cewa farashi da wa'adi da tara za su fito fili, wanda bai yarda ba ya haƙura tun da wuri.

Ni dai na sake rubuta musu, na ce su riƙe zanen na'urar, su ba ni shafin farashi kawai. Idan amsa ta zo, Malam Edita, zan aiko maka da kwafi.

Naka,
Mai karanta jaridarka a kullum